Sandar da ke kuka a bayan ɗakin Yakaka

Gana Abdulhamid (Ba Gana),
Manomin tattasai,
Unguwar Diffa Kura, gidan ƙarshe kafin gangaren kogi,
Diffa.

Litinin, 8 ga Fabrairu, 1999

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Aikin Auna Iska domin Ban-ruwa a Kwarin Komadugu,
Diffa.

Game da: Igiyar da aka kwance daga jikin sandarku ta auna iska, da abin da kwancewar ta jawo wa gidana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan an yi Salla lafiya, da fatan sanyin bana bai sami hanyar shiga biro, wato ofishinku, ba. Ina roƙon a yi haƙuri da Hausata. Barbarci na sha a nono, Faransanci kuwa na ajiye shi a aji huɗu a lakwal, makarantar boko ta Maine-Soroa, har yau ban koma na ɗauko ba.

Na sha zuwa ƙofar biro da bakina. Mai gadinku, mutumin kirki, ya fahimtar da ni cewa a wurinku duk abin da ba a rubuce yake ba bai faru ba. To ga shi na rubuta domin ya faru: matata Yakaka, wadda muka haura shekara arba'in tare, ta bar gidana saboda sandarku, kuma ba za ta dawo ba sai sandar ta yi shiru.

Tun da an naɗa ka bayan an kafa sandar, bari in gabatar da ita. A watan Nuwamba na 1996 ma'aikatanku suka zagaya unguwa suna neman inda za su kafa sandar ƙarfe, wai a gane ko iskar kwarin nan za ta iya juya fanfunan ban-ruwa, mu huta da sayen man inji. Kowa ya ƙi, ni na ce a kawo. Ni mutum ne da ke iya yini yana kallon yadda gizo-gizo ke gyara saƙarsa, ban ga dalilin da zan kori abin mamaki da ya zo har ƙofar gida ba. Yakaka ta ce abin da gari duka ya ƙi, ni ne mai shimfiɗa masa tabarma. Aka kafa ta a filin da muke shanya tattasai. Bututu ne mai kaurin taɓarya, ya fi kowace goruba a unguwar tsawo, da ƴan ludaya uku a ka suna juyawa, da wayoyi huɗu da suka riƙe shi. Turken waya ɗaya an buga shi a gindin bangon ɗakin Yakaka, domin igiyar awo ta ce nan ne, kuma ba a musu da igiyar awo.

Ga ƙorafe-ƙorafena.

1. Ba wanda ya gaya mini tana kuka. An gaya mini tsawonta da nauyinta da sunan ƙasar da aka ƙera ta, amma muryarta an bar mini ita a matsayin tukuici. Wani hantsi a cikin Disamba na 1996, da iskar ɗari ta daidaita daga gabas, wayoyin suka fara. Ɗaya ta ɗauka a sama, siririya, ɗaya ta amsa a ƙasa, bututun ya tattara muryoyin a cikinsa ya ƙara musu amo, turken nan ya kai su cikin bangon ɗaki. Duk wanda ya tashi a bakin kogin nan ya san wannan murya. Ita ce ta mata in an yi rasuwa.

Kafin a ce haka, maƙwabciyarmu Hauwa ta faɗo gidan ba takalmi, mayafi a hannu, tana salati. Mata suka biyo ta. Liman ya aiko a tambayi lokacin jana'iza, wasu samari masu himma har sun ɗauki shebur sun nufi maƙabarta, don kowa ya yanke cewa ni ne, tun da ni ne tsohon gidan. Suka iske mamacin zaune a gindin sanda, ya manna kunne a jikin ƙarfe, yana murmushi. Hauwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce in na san ba zan mutu ba ai sai in faɗa da wuri, ta bar tukunya a wuta.

Unguwa ta yi dariya har mako ya zagayo. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Ranka ya daɗe, muna da ɗa namiji guda, Ajimi. A shekarar babban ruwa, 1988, yana ƙetare kogi a kan gora zai je gonarmu ta hayi, ruwa ya karɓe shi. Ba wanda ya zo ya gaya wa uwarsa. Da hantsi ne, tana tankaɗe, ta jiyo kukan mata daga gangare, ta ajiye rariya. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, na san takardar biro ba wurinsa ba ce.

2. Wannan lamba ba ƙorafi ba ce, amma ban san inda zan sa ta ba, kuma ba a gane sauran sai da ita.

A lokacin kuna da wani ma'aikaci, Mushe Emmanuel (Mushe na Faransanci, wato Malam), mutumin kudu, shi ke zuwa buɗe akwatin da ke gindin sandar yana ɗaukar abin da ludayan suka auna. Na gaya masa. Bai yi dariya ba, bai kuma ce in rubuto ba. Ya dawo da hantsi, ya tsaya ya saurara, sa'an nan ya ja ni zuwa gangare inda ruwa ke gudu a hankali. Ya soka karan dawa a tsaye cikin ruwan, ya watsa ƙaiƙayi ta sama, ya ce in duba bayan karan. Na duba. Ashe ruwan da kara ya raba ba ya haɗuwa salin-alin. Wani ɗan murɗe yakan ɓalle ta dama ya tafi, sai wani ya ɓalle ta hagu, sai dama, sai hagu, a jere kamar sawun agwagwa a taɓo. Kowanne in zai tafi sai ya ɗan fizgi karan zuwa ɓangarensa. Karan kuwa sai rawa yake yi. Emmanuel ya ce iska ma haka take yi wa waya da bututu, ita ma ruwa ce, jiƙa mutum ne kawai ba ta yi. In fizgar ta yi sauri ƙwarai, kunne ya ji ta a matsayin murya.

Na shekara sittin da wani abu ina kallon kogin nan ban taɓa duba bayan kara ba. Ranar ban iya cin abinci ba don murna.

Daga nan na ci gaba da lura da kaina, tun da ba ni da biro da zai hana ni. Waya siririya muryarta siririya ce, mai kauri muryarta na ƙasa. In iska ta ƙaru, murya ta hau. In iska ta taso daga gabas, bututun ba yamma yake kaɗawa ba, kudu da arewa yake yi, kamar mai girgiza kai yana cewa a'a. In iskar ta yi kaɗan, shiru. In kuma ta haukace, irin ta gaban hadari mai zuwa ta ko'ina, kukan yakan tarwatse, sandar ta ɗan ranƙwafa ta tsaya a haka. Wadda ke sa ta kuka da rawa ita ce matsakaiciya, mai natsuwa, mai ladabi, wadda ba ta ɗaga murya kuma ba ta sake ra'ayi. Na lura irin wannan ta fi ɓarna. Iska nake nufi, ranka ya daɗe.

A Janairu na 1997 Emmanuel ya ɗaura ɗamararsa ta hawa, ya hau, ya naɗe bututun da igiya mai kauri daga sama har ƙasa, naɗi mai faɗi kamar yadda yaɗo ke hawa itace, ya bi wayoyin da siririya. Ya ce yanzu murɗen sama da na ƙasa ba za su ɓalle lokaci ɗaya ba, kamar mata masu lugude ne aka ɓata musu kiɗa. Washegari iska ta zo kamar kullum, sandar ba ta ce uffan ba. Yakaka ta aika masa da kwanon burabusko, tun daga ranar take kiransa ɗanta. Muka zauna lafiya kusan shekara biyu.

3. A watan Oktoba na 1998 aka mai da Emmanuel Yamai. A watan Nuwamba aka ce baƙi na zuwa daga ƙasar waje, masu ba aikin nan kuɗi. Mataimakinka, Mushe Usmanu, ya zo duba wuri. Ya ga igiyar, rana ta koɗar da ita, ya ce sandar ta yi kama da ƙafar jakin da aka yi wa ɗauri, ba za a nuna wa baƙi wannan abin kunya ba. Ya sa aka yanke, aka shafa fenti ja da fari.

Na matso da ladabi na yi masa bayanin karan dawa da ƙaiƙayi. Ya saurare ni har ƙarshe, wannan kam na shaide shi. Sa'an nan ya tambaye ni a wace makaranta na karanta iska. Na ce aji huɗu, Maine-Soroa. Ya ce ai ga alama nan.

Baƙin sun zo ranar 17 ga Nuwamba. Na sa babbar rigata na tsaya a bakin hanya. Motocin suka rage gudu daidai filin tattasai, wani ya sauke gilashi, ya ɗauki hoto, ya mai da gilashi, suka wuce. Ina fata hoton ya fito da kyau, domin da tsada aka saye shi. Igiyar kuwa ba ta ɓata ba, kada a zargi kowa. Na ga wani yanki nata a wuyan akuyar direbanku, kuma na lura ita ma akuyar ba ta cika kuka ba. Igiya ce mai albarka.

4. Bayan tafiyar baƙi da kwana kaɗan iskar ɗari ta kankama, sandar ta koma bakin aikinta. Sabon fentin ma kamar ya ƙara mata murya, ko don jikin ya yi sumul ne, wannan ban tabbatar ba tukuna.

Yakaka ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta toshe kunne da auduga. Ta kwashe shimfiɗarta ta koma rumfar girki. Ta riƙa tafiya gidan Hauwa da safe, amma muryar na isa can. Kullum da hantsi, da zarar wayar farko ta ɗauka, sai ta ajiye duk abin da ke hannunta ta fita ƙofar gida ta tsaya tana duban gangare. Ta san sanda ce. Ita ma ta ga karan dawan, na kai ta na nuna mata. Amma ƙafafunta ba su yi aji huɗu ba.

Ranar 12 ga Disamba ta ɗaure kayanta a zane. Ba mu yi faɗa ba, da mun yi da na san inda zan ba da haƙuri. Ta ce, “Malam, na binne ɗana sau ɗaya. Ba zan iya binne shi kowace safiya ba.” Ta shiga motar Shetimari, wurin ƙaninta Laminu.

Azumin bana ni kaɗai na yi shi. Na gano cewa kunu na ƙonewa, abin da ban taɓa sani ba, kuma wannan ilimi ma aikinku nake gode wa. Tattasai ya nuna, ni ke tsinka, ni ke shanya, ni ke korar awaki. Ba kukan aiki nake yi ba. Na faɗa ne don in an zo rubuta amfanin da aikin ban-ruwa ya kawo wa manoman kwari, a sami abin sawa.

5. Bayan na dami mai gadinku, an turo masu bincike har sau biyu, kuma ina godiya.

Na farko sun zo ranar 21 ga Janairu, dab da magariba, domin da safe motar biro tana da uzuri. A wannan lokaci iska ta riga ta kwanta, ko gashin kaza aka saki ƙasa zai faɗo. Suka tsaya a gindin sanda, suka karkata kai, suka saurara da gaske. Ɗaya har ya ƙwanƙwasa bututun da makulli. Suka rubuta cewa ba a ji wata ƙara ba. Na roƙe su su dawo da hantsi, suka ce da hantsi ana taro.

Na biyu sun zo ranar 27, ranar da aka yi mahaukaciyar iskar nan da ta kwashe dannin rabin unguwa. Ba su fito daga mota ba, ban kuma ga laifinsu ba. Ta bayan gilashi, inji na aiki, suka ga sandar a tsaye. Suka rubuta cewa ta jure iska mafi ƙarfi ba tare da matsala ba, saboda haka ƙarama ba za ta dame ta ba.

Ranka ya daɗe, ban ƙaryata ko ɗaya daga cikin rahotannin nan ba. Duka biyu gaskiya ne, kamar yadda wanda ya leƙa kasuwar Diffa, mai ci ranar Talata, a ranar Laraba zai iya rantsuwa cewa ba a cin kasuwa a garin nan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, aikin da aka kafa don sanin lokacin da iska ke kaɗawa ya rasa sanin lokacin da iska ke kaɗawa. Amsar tana cikin akwatin da ke gindin sandar. Tun tafiyar Emmanuel ba wanda ya buɗe shi, zanzaro ya yi gini a bakin makullin. Ludayan dai suna can suna juyawa tsakani da Allah, ba mai tambayarsu.

An kuma karanta mini wani layi a rahoto na biyu, inda aka ce mai ƙorafin dattijo ne, mai yiwuwa ƙarar a kunnensa take. In haka ne, to unguwar Diffa Kura kaf kunnena take aro, har da liman da masu shebur.

6. Da na ga haka sai na ce bari in rage wa hukuma wahala. Na kai tattasai kasuwa, na sayo igiya, mai kauri ta bututu da siririya ta wayoyi. Na san naɗin, a gabana aka yi shi. Hawa ne ba zan iya ba, gwiwoyina sun riga ni yin ritaya, amma akwai masu hawan dabino da za su yi shi kafin shayi ya tafasa. Mushe Usmanu ya ji labari, ya aiko a tuna mini da allon da ke jikin sandar, mai cewa an hana taɓawa. Wai duk wanda ya ɗaura mata ko da zare ne, ya ɓata dukiyar aiki, za a kai shi gaban hukuma. Wai ba mai hawa sai ma'aikaci mai ɗamara, ma'aikaci ba ya hawa sai da takardar izini, takardar izini ba ta fita sai rahoto ya nuna akwai ƙara, rahoto kuwa ya nuna babu. Na daɗe ina sha'awar abubuwa masu zagayawa su dawo inda suka fara, amma ban taɓa ganin wanda ya kai wannan kyau ba.

Igiyar tana nan a naɗe a gindin sandar. Na bar tazarar taku guda tsakaninsu, kada a ce ta taɓa.

7. Ranar Juma'ar da ta wuce na je Shetimari. Laminu ya karɓe ni da mutunci, ya yanka mini kaza, sa'an nan ya zagaya da ni bayan gida ya nuna mini ɗakin da yake gina wa yayarsa. Bango ya kai kan ƙofa. Azara na jibge a gefe. Ya ce in Allah ya yarda kafin Babbar Salla zai rufa.

Wataƙila a inda ka fito ba haka ake yi ba, don haka bari in fayyace. A wurinmu, mace mai shekarun Yakaka in ɗan'uwanta ya rufa mata ɗaki, ta zauna ke nan. Ba saki, ba shari'a, ba wanda zai ce an rabu. Za ta zo wata rana ta kwashi tukwanenta, ta gaishe ni kamar yadda ake gai da dattijon unguwa, ta koma. Laminu ba mugu ba ne. Da ƙanwata ce ke tsayawa a ƙofar gida kowace safiya tana duban kogi, da tuni na rufa nawa.

Na sami Yakaka tana gyaran kuɓewa. Ta yi ƙiba kaɗan, tana barci, in ji ta. Na ce mata ana nan ana bin hanya, takardu sun yi nisa. Ta ce ranar da Hauwa ta aiko cewa sandar ta yi shiru, ranar za ta shiga mota. Na ce in ni na aiko fa? Ta ce a'a, Hauwa dai, don ni ina son kukan, ta sha ganina ina lumshe ido. Ban musa ba. Ba a taɓa kawo mini abin da ya kai shi daɗin saurare ba, kuma ina roƙonka ka kashe shi.

Saboda haka, cikin ƙasƙantar da kai, ina neman abubuwa kamar haka. A ba da izini a rubuce, da sa hannunka da hatimi, a naɗa wa sandar igiya kamar yadda take a da. A turo mai ɗamara, ko a yarda in kawo mai hawan dabino. Igiya tawa ce, ba sai an jira Yamai ba. In har dole sai an sake bincike, ina roƙon masu binciken su zo da hantsi, a ƙasa, ba inji, su tsaya a bayan ɗakin da zan nuna musu, ɗakin ba kowa a ciki, ba za su takura wa kowa ba. Ban nemi a tumɓuke sandar ba, ban nemi a hukunta kowa ba. In za a sake kawo baƙi, ni da kaina zan shafa wa igiyar fenti ja da fari.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Na san biro yana da nasa tafiyar, ba a gaggauta shi. Amma Laminu magini ne mai sauri, kuma shi ba ya jiran hatimi. In izinin ya fito kafin Babbar Salla, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. In kuwa sai bayan an ɗora azara zai fito, to ina roƙon alfarma ɗaya: a riƙe shi a biro, kada a turo kowa, a bar sandar yadda take. A lokacin ita kaɗai za ta rage mai yi mini magana a gidan.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe. Allah ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,

Gana Abdulhamid (Ba Gana)
Mai masaukin sandarku, Diffa Kura